Madarunfa: Hausa ta zama harshen ƙasa, to wa zai rubuta abin da yara za su karanta?

Tun ranar 26 ga watan Maris na 2025, ranar da Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, Hausa ce harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar. Faransanci, wanda kundin tsarin mulkin 2010 ya ba matsayin harshen hukuma, ya koma harshen aiki tare da Ingilishi. A Yamai an yi ta muhawara a kan matakin, wasu na murna, wasu na fargabar kada a danne sauran harsuna. A gundumar Madarunfa kuwa, inda daga Safo har Ɗan Isa da Hausa ake ciniki, da ita ake wa'azi, da ita ake sasanta rikicin gona, abin da ke gaban malamin makaranta daban ne. In aka ce ya koyar da karatu da Hausa, me zai miƙa wa yaro ya karanta bayan ya gane baƙaƙe?

Littafin koyon baƙi akwai shi, ko da bai wadata ba. Ƙarancin yana wajen abin da ke biyo baya, wato gajerun labarai na ɗan aji CE1, da wasan kwaikwayon da ƴan CM2 za su iya yi a filin lakwal, da littafi mai shafi sittin da yarinya ƴar shekara goma sha biyu za ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma don ta ga ƙarshensa. Yaro ba ya ƙwarewa a karatu da allo da alli kaɗai. Sai ya karanta da yawa, kuma ba zai karanta da yawa ba sai abin ya yi masa daɗi. Irin waɗannan littattafai mutane ne ke rubuta su, kuma tsarin ilimin Nijar bai tanadi hanyar horar da mutanen ba.

Gwajin da ya haura shekara hamsin

Koyarwa da Hausa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai harshe biyu, Hausa da Faransanci, a Damagaram, daga baya aka ƙara da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Dokar tsara ilimi ta 1998, wadda malamai suka fi sani da LOSEN, ta amince da harsunan gida a matsayin harsunan koyarwa. A 1999 aka fitar da ƙa'idojin rubuta su, a 2001 doka ta lissafa harsunan ƙasa guda goma, daga 2015 kuma aka shiga gwada sabuwar manhaja da ke fara karatun firamare da harshen uwa. Takardu dai ba su taɓa yin ƙaranci ba. Tun ma kafin wannan duka, a 1964, Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka inda ya kare koyarwa da harsunan gida.

Wajen littattafai ne labarin ke raguwa. Cibiyar INDRAP ta shirya littattafan aji. Abdou Mijinguini ya yi ƙamus na Hausa zuwa Faransanci. Maɗaba'ar Albasa, da tallafin Jamusawa, ta fitar da littattafai cikin harsunan gida a farkon shekarun 2000, Gashingo ma ta yi nata ƙoƙarin. Sai dai mafi yawan wannan aiki ya rataya ne a wuyan ayyukan masu ba da tallafi. In aikin ya zo a tara malamai da masana harshe a wani ɗakin taro na ƴan kwanaki, a rubuta, a buga, a raba. In ya ƙare kowa ya kama gabansa, littattafan su tsufa a akwatin darakta, ba a sake buga su ba. Nijar na cikin ƙasashen farko da shirin ELAN na ƙungiyar OIF ya shafa, shirin da ke tallafa wa koyarwa da harshe biyu. A watan Maris na 2025 ƙasar ta sanar da ficewa daga OIF. Wanda ya ce zai ci da kansa, dole ya nemo itacen girki.

Alƙaluma sun nuna girman abin da ke kan faifai. A binciken PASEC na 2014, ƴan makarantar Nijar da suka kai matakin da ake buƙata a karatu a ƙarshen firamare ba su kai 10 cikin 100 ba. A na 2019 adadin ya hau zuwa kusan 30 cikin 100. Ci gaba ne na gaske, amma har a lokacin yara bakwai cikin goma na gama shekara shida a aji ba tare da sun iya karanta rubutu su fahimce shi yadda ya kamata ba.

Digirin da ke haɗa alƙalami da alli

A wasu ƙasashe an daɗe da mayar da ƙagaggen rubutu fannin karatun jami'a. Jami'ar Iowa a Amurka ta fara a 1936. A Ingila, Malcolm Bradbury da Angus Wilson sun buɗe digiri na biyu a jami'ar East Anglia a 1970, inda Ian McEwan da Kazuo Ishiguro suka yi karatu. Faransa, wadda jami'o'inmu suka gaji tsarinta, ta daɗe tana kallon abin a matsayin shirme, bisa tunanin cewa marubuci haifarsa ake yi. Sai a 2012 ta buɗe irin wannan masta a Le Havre da Toulouse, jami'ar Paris 8 ta biyo baya. Wannan jinkiri na Faransa na daga cikin dalilan da suka sa a ƙasashe masu amfani da Faransanci ɗalibin adabi ke ƙare karatunsa ya iya fede littafin wani, ba a taɓa neman ya rubuta nasa ba.

Akwai wani reshe na wannan karatu da ya fi dacewa da halin da Nijar ke ciki. A jami'ar Goldsmiths ta Landan ana ba da digiri na biyu da ya haɗa ƙagaggen rubutu da ilimin koyarwa. Ɗalibansa malamai ne masu rubutu, ko marubuta masu shiga aji. Suna rubuta labari ko waƙa, abokan karatu su karanta su yi gyara, sannan su ɗauki dabarar su gwada ta da yara, su yi nazarin abin da ya faru. Tushen tunanin ya girmi digirin. Tun 1974 wani shiri da James Gray ya kafa a Berkeley ya tsaya a kan cewa malamin da zai koyar da rubutu dole shi ma ya kasance yana rubutu. A Afirka ta Kudu kuma jami'ar Rhodes tana karɓar kundin masta na ƙagaggen rubutu da harshen isiXhosa, abin da ke nuna cewa ba sai da harshen Turawa ake irin wannan karatu ba.

A Nijar ilimin ya rabu gida biyu. Mai son harshe ya nufi sashen nazarin harsuna a jami'ar Abdou Moumouni, ya koyi nahawu da tsarin sauti. Mai son koyarwa ya shiga makarantar horon malamai, kamar ta Bawa Jangwarzo a Maraɗi, ko babbar makarantar ENS a Yamai, inda sufetoci da masu ba malamai shawara ke fitowa. Na farko ya san yadda jimla ke ginuwa. Na biyu ya san yadda ake tsara darasi. Wanda zai zauna ya ƙirƙiro yarinya mai tallar zogale a Jiratawa, ya sa ta cikin matsala, ya fitar da ita cikin kalmomi ɗari uku da ɗan shekara takwas zai iya karantawa, wannan an bar shi ga sa'a.

Darasin yana Katsina

Ba sai an je Landan ba kafin a ga hujja. Tana nan ƙasa da kilomita 100 daga Maraɗi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, saboda makarantu na da masu koyon karatu amma ba su da abin karantawa. Littattafan da suka fito daga gasar su ne Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam malami ne a makarantar Midil ta Katsina. Bello Kagara malami ne. Abubakar Tafawa Balewa ma a lokacin malamin makaranta ne a Bauchi.

Abin da ya biyo baya ya fi gasar muhimmanci. A 1936 aka ɗauke Imam daga aji aka kai shi Zariya, ya yi watanni yana aiki kafaɗa da kafaɗa da East, yana karanta labaran Larabawa, na Indiya da na Turai, yana sake ƙera su da Hausa, ana gyara masa yana gyarawa. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku, wanda aka shirya don aji, kuma har yau ana sayar da shi a kasuwa. In aka cire sunan digiri, abin da Imam ya samu ke nan: lokaci, albashi, mai gyara, tarin littattafai, da tabbacin za a buga. Mulkin mallaka ne ya shirya abin don buƙatar kansa, kuma East ya sa hannu sosai a kan irin Hausar da ta zama ta boko. Duk da haka dabarar ta yi aiki, kuma babu abin da ya hana ƙasa mai cin gashin kanta ta ɗauke ta.

A wannan gefen iyaka ma malamai ne suka ɗauki alƙalami. Boubou Hama, malamin makaranta na farko ɗan Nijar da ya fito daga William Ponty, ya ci babbar kyautar adabin Afirka, amma da Faransanci ya yi rubutunsa. Yazi Dogo malamin makaranta ne kafin wasan kwaikwayonsa na Hausa a Damagaram ya zagaye ƙasa ta rediyo da talabijin. Basirar tana cikin ƴan alli tun da daɗewa.

Me ya sa ba za a sayo daga Kano ba?

Tambaya ce mai ma'ana, musamman a Madarunfa, inda motocin Jibiya ke shigowa kullum ta Ɗan Isa. Kano ta cika kasuwa da littattafai tun shekarun 1980, daga Balaraba Ramat Yakubu zuwa Ado Ahmad Gidan Dabino, yanzu kuma labaran sun koma wayar salula. Matasan Maraɗi da suka iya karatun Hausa da yawansu a nan suka koya, ba a lakwal ba. Sai dai waɗannan littattafai na manya ne, labaran soyayya da zaman aure. Na yara kuwa, ko da an samu, an rubuta su ne don wata ƙasa. Yaron Gabi yana cewa tahiya, littafin ya ce tafiya. In ba shi da lafiya likita ake kai shi, littafin ya ce asibiti. Kuɗi da dala da jika yake ƙirga su, dala ashirin ita ce sefa 100, littafin kuma na maganar naira da kwabo. Ƙa'idar rubutun Nijar tana amfani da harafin ƴ inda ta Najeriya ke sa 'y. Babba ba zai damu da wannan ba. Ɗan shekara bakwai da ke haɗa baƙi da wasali a karon farko zai yi tuntuɓe.

Wannan ba ya nufin a rubuta wa kowane ƙauye Hausarsa. Daidaitacciyar Hausa dukiya ce, ita ke ba yaron Madarunfa damar karanta abin da aka rubuta a Zariya ko Accra. Aikin shi ne sanin inda za a fara da bakin yaro da kuma lokacin da za a ja shi zuwa daidaitaccen rubutu. Masanin harshe kaɗai ba zai yanke wannan ba, marubuci kaɗai ma haka. Sai wanda ya rubuta labarin da daddare, ya karanta shi ga yara saba'in da safe, ya ga inda idanunsu suka bar takarda.

Kayan labari kuwa gundumar ba ta rasa su ba. Akwai tafkin Madarunfa da masuntansa, da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. Akwai dajin Baban Rafi, da gulbin Maraɗi mai cika da damina ya ƙafe da rani, da tarihin sarakunan Katsina da suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Akwai kuma abin da ba a so a faɗa: ƙauyukan bakin iyaka da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka hana barci, da yaran da suka gudo daga Najeriya tun 2019 suka zauna a jihar. Yaron da ya ga an kore shanun gidansu da dare yana ɗauke da abin da bai san yadda zai faɗa ba. Malamin da aka horar ya sa yara rubutu yana da hanyar buɗe wannan ƙofa a hankali. Wanda bai samu horon ba, ko dai ya kauce wa maganar, ko ya fama ciwon.

Inda gizo ke saƙa

Masu adawa da wannan tunani na da hujjoji masu nauyi. Ta farko ita ce fifiko. Gwamnatin da ta gabata da kanta ta ce akwai azuzuwan zana kusan 36,000 a ƙasar, kuma Maraɗi ba ta manta gobarar watan Nuwamba na 2021 ba, wadda ta kashe yara sama da ashirin a irin waɗannan azuzuwa. A jarrabawar da aka yi wa malamai ƴan kwantaragi a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Wanda rufin ajinsa kara ne, a ce masa masta? Amsar ita ce ba dubban mutane ake nema ba. Malamai ashirin a shekara, kowa ya fito da littafin yara guda ɗaya da aka gwada a aji, cikin shekara biyar an samu littattafai ɗari. Kuma jarrabawar 2017 Faransanci da lissafi ta auna. Ba ta tambayi ko wane ne a cikinsu ya iya tsara labari da Hausa har yara su yi tsit ba.

Hujja ta biyu ta fi tsanani. A tsarin aikin gwamnati, babban digiri tikitin barin aji ne. Malamin ƙauye da ya samu masta ofis yake hange, a Maraɗi ko Yamai, ko aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta, kuma babu mai ganin laifinsa in aka dubi albashi. In ba a ɗaure digirin da sharaɗin komawa ba, tare da ƙarin kuɗi ga wanda ya zauna, za a kwashe ƙwararrun malamai ne daga inda aka fi buƙatarsu. Mafita mafi kusa ita ce a yi karatun ba tare da an bar aiki ba, a haɗu lokacin hutu, sannan wanda ya gama ya riƙa jagorantar zaman rubutu a tarukan CAPED, inda malaman yanki suka saba haɗuwa don ƙara wa juna sani.

Sai batun jami'a kanta. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ƙarfinta yana wajen kimiyya, noma da lafiya, don haka dole ta jingina da Yamai da Damagaram wajen malaman adabi, ta kuma buɗe ƙofa ga marubuta da ƴan wasan kwaikwayo da ba su da digirin dakta. Ma'aunin CAMES, wanda malaman jami'a ke samun ƙarin girma da shi, maƙalun bincike yake ƙirgawa. Malamin da ya kwashe shekara yana gyara labaran yara na ɗalibansa zai ga abokansa sun wuce shi. Akwai abin lura a sunan jami'ar ma. Ɗan Dikko Ɗankulodo, masanin kimiyyar sinadarai, ya riƙe ma'aikatar ilimi a farkon shekarun 1970, zamanin da aka fara makarantun gwaji, sannan daga 1974 ya shugabanci ACCT, hukumar da aka kafa a Yamai a 1970 wadda ta rikiɗe ta zama OIF. Mutum ɗaya ya tsaya a gaɓar harsunan biyu.

Batun sauran harsuna shi ne wanda in aka yi sakaci zai rusa komai. Kundin 2025 ya ɗaga Hausa sama da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da sauransu, waɗanda dokar 2001 ta jera su a sahu ɗaya. A Madarunfa kanta akwai rugagen Fulani da yaransu ke shiga aji da Fulatanci a baki. Digirin da zai karɓi Hausa kaɗai zai zama hujja a hannun masu cewa an musanya danniya da danniya. Ya kamata tun ranar farko a karɓi kundi da duk harshen da ke da ƙa'idar rubutu, a kuma wajabta wa ɗalibai fassara aikin juna. Ajami ma na da gurbi, tunda dubban yaran gundumar da baƙin Larabci suka fara sanin rubutu a makarantar allo.

Akwai kuma bugu. Labarin da ya tsaya a kundin jami'a bai kai ga kowa ba. Sai ma'aikatar ilimi ta ɗauki alkawarin sayen adadi sananne daga kowane littafi da ya ci jarrabawa, sannan maɗaba'a za ta yarda ta zuba kuɗinta. Yarjejeniyar haƙƙin mallaka ma sai an fayyace ta, don malamin da ya ga littafinsa a kowane aji bai samu ko dala ba, ba zai rubuta na biyu ba.

Iska ta juya a ƙetaren iyaka

A watan Nuwamba na 2025 ministan ilimin Najeriya, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 ta koyar da ƴan firamare da harshen uwa, ya ce Ingilishi ne harshen koyarwa a kowane mataki. Manufar da aka soke ta sha suka tun farko saboda an ayyana ta ba tare da isassun littattafai da horarrun malamai ba. Ƙasar da ke da sassan nazarin Hausa a jami'o'in Kano, Zariya, Sakkwato da Katsina, da maɗaba'u, da ɗimbin marubuta, ta ja da baya cikin shekara uku. Masu adawa da koyarwa da harshen gida a Nijar sun samu misali, kuma za su yi amfani da shi duk ranar da sakamakon jarrabawa ya faɗi.

Ga Maraɗi sakamakon biyu ne. Maɗaba'un Kano da Zariya ba su da wani sabon dalili na zuba jari a littattafan firamare na Hausa, don haka mai jiran kaya daga can zai daɗe a tasha. A ɗaya gefen kuma, masana da marubutan da suka ba da rayuwarsu ga wannan fanni a Katsina da Kano suna kusa, tafiyar ƴan sa'o'i, kuma ƙofar da aka rufe musu a gida tana buɗe a nan. Dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami tun rufe iyakar 2023, amma yarjejeniya tsakanin jami'a da jami'a ba ta buƙatar taron shugabannin ƙasa. Malami daga jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa zai iya karyawa a Katsina, ya biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, ya shiga aji a Maraɗi kafin azahar.